Saƙon da Inna Habi Ta Ba Rago

Yaya Souleyman, tun da ka tafi ban buɗe shafin nan ba sai yau. Salularka tana hannuna, har da tsagar gilashin nan da kake ta cewa za ka gyara. Mutane suna ta aiko saƙo. Wasu gaisuwa suke yi, wasu ba su ma ji rasuwarka ba, suna tambaya ina labarin wannan mako.

Kai ne mai lakwal, wanda ya yi nisa a makarantar boko, ni a aji shida na tsaya. In an ga rubutun ya karkace, hannuna ne. Amma akwai labarin da na ji daga bakin mai shi, ya kuma yarda in ba da shi, na san da kana nan da ka riga ni rubutawa. Jama'ar shafi, ku yi haƙuri da ni ku karanta.

Akwai wani mutum a nan cikin Tawa, sunansa Alƙasum, ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar fasinja a moto, wato babur. Dogo ne mai fara'a. Tsofaffin mata sukan tsaya bakin hanya su bar motoci su yi ta wucewa sai nasa ya zo, don ba ya gudu da su, kuma ba ya ƙosawa da ɗaura musu kaya.

Matarsa Rahamatu 'yar Affala ce, mai kitso. Suna da ɗiya guda, Nasiratu, wadda ba ta daɗe da shiga lakwal ba.

Rahamatu tana da rago. Da kuɗin kitsonta ta saye shi yana ƙarami, fari tas, kunnuwa har wuya. Ta ɗaure shi a turke ƙarƙashin rumfa, ta sa masa suna Ɗan Gata. Tana wanke shi, tana ba shi dusa da harawa, tana yi masa hira kamar mutum. Kullum sai ta ce wa mijinta, "Bana da ragona za a yi layya gidanga, kai dai ka sayi itace."

Ba ta ga layyar ba. Da kaka zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a gama ɗaure damman gero an kai ta makwancinta.

Alƙasum bai yi kuka ba. A zaman makoki shi ne ke ba masu gaisuwa haƙuri, har mutane suka riƙa cewa kai, wannan namiji ne. Da aka naɗe tabarmi kowa ya koma gidansa, sai ya shigo tsakar gida ya ga ragon yana kallon ƙofar ɗaki, yana jiran wadda ba za ta fito ba.

Daga ranar ya ɗauki aikin ragon.

Da sassafe zai ɗebo ruwa ya wanke shi da sabulu da soso, har tsakanin kofato. Ya dama masa dusa da ɗan kanwa. In rana ta take ya matsar da shi inda inuwa ta fi kauri. Da la'asar ya kwance shi ya zagaya da shi bayan gari, don ƙafafunsa su miƙe. Ɗan Gata ya cika ya batse, gashinsa yana ɗaukar ido, masu wucewa suna leƙowa ta kan katanga don su gan shi.

Shi kuwa mai shi sai ya riƙa ƙarewa. Ban da alwala ruwa ba ya taɓa jikinsa sai an kwana biyu. Shayi ne abincinsa, wani lokaci da guntun burodi. Barci ya guje shi. Riga guda ya riƙe har wuyanta ya yi baƙi. Nasiratu tana cin abinci a maƙwabta, kanta ya cukurkuɗe babu mai taɓa shi. Ba ƙinta yake yi ba. In ya dube ta idon uwarta yake gani, sai ya kau da kai ya koma wajen rago.

Wata rana ya ɗauki wata mata za ta kasuwa. Bai san inda hankalinsa ya tafi ba, sai jin muryarta ya yi tana bugun bayansa: "Malam, lahiya? Ina za ka kai ni?" Ya duba, ashe suna bakin maƙabarta. Daga ranar tsofaffin nan da ke jiransa suka fara barin nasa moton ya wuce.

Bayan ƙaramar salla sai ga surukarsa, Inna Habi, uwar Rahamatu, ta zo daga Affala barka da salla.

Kun san yadda muke a Adar. Tsakanin suruka da mijin ɗiyarta akwai kunya mai nauyi. Tun da Alƙasum ya auri Rahamatu bai taɓa haɗa ido da Inna Habi ba, ita ma ba ta taɓa fuskantarsa da magana ba. In ta shigo zai tuɓe takalmi ya durƙusa nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani gefe. In akwai saƙo, Rahamatu ce ke kai shi. Yanzu babu Rahamatu.

Tsohuwar ta zauna ta sha ruwa. Ta dubi jikarta. Ta saci kallon surukinta da ke durƙushe can gindin katanga, ƙasusuwan kafaɗarsa sun ɗaga riga. Maganar tana cin ta, ga shi babu hanyar faɗa masa ita.

Sai ta tashi da sandarta ta nufi rumfa, ta tsaya gaban rago.

"Ɗan Gata, sannu da hutawa," ta ce, da muryar da har maƙwabta sai da suka ji. "Lalle kai kana da mai kula da kai. An wanke ka, an ba ka ka ƙoshi, an yi ma inuwa. Madalla. To ina da saƙo, tunda kai aka saurare gidanga."

Ragon ya miƙo baki ya kama gefen zanenta. Ta fizge ta ci gaba.

"Ka gaya ma mai gidanga, ɗiyata guda na bisne, ban shirya bisne mijinta ba. Ka gaya mashi na ga jikata, ɗiyar mai kitso, da kai awa sheƙar tsuntsu. Mutumin da ya mance da cikinai, ƙaƙa za shi tuna da cikin yarinya? Bayan layya ina dawowa. In na ishe shi yadda na gan shi yau, da Nasiratu za ni koma Affala, kuma babu mai ce mani don mi. Ba ƙiyayya ba ta, Allah shi na shaida."

Ta ja numfashi, muryarta ta ɗan sauka.

"Abu guda nika roƙo. Duk abin da za a yi maka, a hwara yi ma mai yin shi. In ba a yi mashi ba, kai ma kak ka yarda a yi maka. Ka ji ko, Ɗan Gata?"

Ta ɗauki ƙullin kayanta ta tafi tasha. Ko kwana ba ta yi ba.

Alƙasum ya daɗe a durƙushe. Kunya ta fara kama shi, sannan fushi, sannan wani tsoro da bai taɓa ji ba. Ya ɗaga kai ya ga Nasiratu tana wasa da murfin kwalba a bakin ƙofa. Ya kwatanta gidan babu ita, sai ya ji ƙasa tana juyawa da shi.

Maƙwabcinsa na katanga malamin lakwal ne, Mushe Istifanus kamar yadda muke kiran malaman boko, Kirista, mutumin Maraɗi da aiki ya kawo Tawa. Da maraice ya yi sallama ya shigo ya zauna kan turmi.

"Na ji saƙon da aka ba rago," ya ce. "Kada ka ji kunya, unguwa duka ta ji. Tsohuwar nan ba ta bukatar lasifika."

"Mushe, ni mi za ni yi? Ba ni da wani ciwo. Jikina lahiya lau."

"Haka na ce lokacin da mahaifiyata ta rasu. Na shekara ina shiga aji ban san abin da nake koyarwa ba." Ya dubi ragon. "Ba ta ce ka daina baƙin ciki ba. Cewa ta yi kai farko, rago na biyu. Wannan kam ana iyawa. Gwada gobe."

Washegari Alƙasum ya ɗebo bokiti biyu. Ya ajiye ɗaya gaban rumfa, ragon ya fara kuka yana jan igiya don ya saba. Hannunsa har ya kai kan soso. Sai ya tuna, ya ɗauki ɗaya bokitin ya shiga makewayi.

Da ya zuba ruwan farko ya ga yadda yake sauka ƙasa, ja kamar ruwan kwari. Ya shafa haƙarƙarinsa ya ji su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin yatsu. Rahamatu takan tsokane shi da cewa ya fara tumbi. A nan ne, tsugune, da kumfar sabulu a kai, kukan da bai yi ba tun kaka ya zo masa. Ya bar shi ya fito. Ya yi ta zuba ruwa har bokitin ya ƙare.

Ya fito ya sa riga wankakkiya, sannan ya wanke Ɗan Gata.

Da ya zo dama dusa sai ya tsaya. Dokar tsohuwa ta ce shi farko. Ya aiki kansa bakin titi ya sayo koko da ƙosai, ya shimfiɗa tabarma, ya kira Nasiratu. Yarinyar ta zo a hankali kamar baƙuwa.

"Baba, yau salla ta?"

"A'a. Kari na. Zamna mu ci."

Bai iya cin da yawa ba, amma ya ci. Da rana, kafin ya matsar da rago inuwa, ya kashe moto ya kashe salula ya kwanta ƙarƙashin dogon yaro, ko barci bai zo ba ya rufe ido. Da la'asar Mushe Istifanus ya fito da takalmansa na roba, suka kama hanyar tudun rairayi, rago a gaba su biyu a baya. Ranar matar Mushe ta kama Nasiratu ta tsefe kan nan, ta yi mata kitso.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. Akwai safiyar da ya farka ya ji ko ɗaga hannu ba ya so. Amma ragon zai yi ta kuka a waje, shi kuma ba zai iya jin kukan ragon Rahamatu ya ƙyale ba, ga shi ba dama ya wanke shi sai ya wanke kansa. Haka yake jan jiki ya shiga makewayi yana gunaguni, yana cewa tsohuwar nan ta ɗaure shi a turke ɗaya da dabba.

Hanyar tudu ta gaban fadar 'yan kabu-kabu take bi, inda suke jera motoci suna dafa shayi. A cikinsu akwai Kabiru, wanda ya yi shekaru a Libiya ya dawo, mai baki kamar reza. In ya hango su sai ya tashi ya cire hula.

"Jama'a, ku ba da hanya! Ga ango da amarya sun hito shan iska, ga Mushe shi na babban aboki!"

Fada ta kwashe da dariya.

"Alƙasum, an ce yanzu sai ka yi wanka ka shahwa mai kahin ka ga rago. Gaskiya ta? Mu da munka ratsa sahara da gora guda ta ruwa ba mu ce zuciya na ciwo ba. Namiji dai namiji na."

Alƙasum ya ji maganar har ƙashinsa. Amma ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da hutawa," ya wuce.

A kan tudu suke zama su bar rago ya yi kiwo. Da farko Mushe ne ke magana. Daga baya Alƙasum ya fara. Ya ba shi labarin ranar da ya fara ganin Rahamatu a kasuwar Affala tana faɗa da mai tumatir. Ya gaya masa abin da ke ci masa rai, cewa ranar da zazzaɓin ya tsananta yana bakin aiki, bai dawo ba sai da yamma. Mushe bai ce masa ya daina tunani ba. Saurare kawai yake yi, wani lokaci ya ce, "Faɗi, ina jin ka."

Ana saura 'yan makonni layya sai Ɗan Gata ya ƙi cin dusa, hanci yana yoyo. Hankalin Alƙasum ya tashi. Ya kwance igiya zai kai shi wajen likitan dabbobi, ya ci karo da Mushe a ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Likita. Tun jiya bai ci ba."

"To. Doka fa?"

Alƙasum ya tsaya da igiya a hannu.

"Haba Mushe. Wanga daban na."

"Ragon kwana ɗaya ya yi bai ci ba ka ruɗe. Kai wata nawa ka yi ba ka yi barcin kirki ba? Majo, babban ma'aikacin gidan likitan unguwa, mutumin kirki ne, yana sauraren irin wannan. Ka je ka gaya masa yadda kake ji."

"A ce na haukace? Gari duka shi ji?"

"Gari ya riga ya ji ka kai fasinja maƙabarta. Wanne ya fi?"

Wannan ita ce rana mafi wuya. Gidan likitan yana kallon fadar 'yan kabu-kabu, babu ta inda za a shiga a ɓoye. Alƙasum ya ɗaure ragon a gindin bishiyar ƙofa, ya gyara hularsa, ya shiga da rana tsaka kowa yana kallo. Ya ji muryar Kabiru a bayansa: "Wa ba shi lahiya, kai ko amarya?" Bai waiga ba.

Majo ya rufe ƙofa ya saurare shi har ya gama. Ya gaya masa cewa abin da ke damunsa ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, mutane da yawa suna shiga irinsa bayan rashi, kuma ana fita. Ya ce ya rage shayin dare, ya riƙe tafiyar maraice da cin abinci kan lokaci, ya riƙa dawowa suna magana. Da Alƙasum ya fito sai ya ji kamar ya sauke buhun gero daga ka. Ya kwance ragonsa ya kai shi nasa likitan. Mura ce kawai.

Kafin layya kumatunsa sun fara dawowa. Barci ya fara zuwa, ba kullum ba, amma yana zuwa. Nasiratu ta koma hawa bayansa in ya yi sujada. Wata safiya wata tsohuwa ta bar motoci uku suka wuce ta tsai da nasa.

Sai dai Kabiru ya faɗi wata magana a fada wadda ta kai kunnensa ta zauna: "Ku bar shi. Ragon na riƙe da shi. Ran da anka yanka ragon, ku zo ku ga ango."

Ranar layya ta zo. Wasu sun ba shi shawara ya sayar da Ɗan Gata ya sayi ƙarami, ya ce a'a, mai shi ta riga ta faɗi abin da za a yi da shi. Da safe ya yi wanka, ya wanke ragon wankan ƙarshe, ya shafa kansa ya yi masa magana a kunne. Bayan an sauko daga idi aka yanka. Aka gicciye shi a kan itace a jerin ragunan unguwa da ke kewaye da wuta, kowa ya wuce sai ya tambaya na wane ne wannan. Washegari ya raba naman. Ya kai gidan Mushe, ya kai fada, ya ba mota cinya guda ta kai Affala. Ya roƙi duk wanda ya ci ya yi wa Rahamatu addu'a.

Safiyar da ta biyo baya ya tashi kamar kullum ya ɗebo bokiti biyu. Sai da ya ajiye na biyun gaban rumfa ya ga turke tsaye, igiya a ƙasa. Babu kuka, babu jan igiya. Gidan ya yi tsit irin tsit ɗin ranar da aka naɗe tabarmin makoki.

Ya zauna a bakin rumfar. Rana ta fito ta same shi a nan. Nasiratu ta karya a maƙwabta. Mushe Istifanus ya tafi Maraɗi ganin gida, babu mai leƙowa ta katanga ya ce doka fa. Ruwan bokitan nan biyu ya yi zafi a rana bai taɓa ko ɗaya ba. Ban da salla babu abin da ya tashe shi. Maganar Kabiru tana ta yawo a kansa, har ya fara yarda da ita.

Da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Ya fita, sai ya ga Kabiru, shi kaɗai, babu moto, hula a hannu. Idanunsa jajaye. Ya yi ta kallon ƙasa yana tona rairayi da takalmi.

"Naman ya yi daɗi," ya ce. "Allah shi jiƙanta."

"Amin."

Kabiru ya murza hular da ke hannunsa.

"Alƙasum, tahiyar nan da kuka yi da marece." Ya ɗago kai. "Dole sai da rago?"

Alƙasum ya dube shi da kyau.

"Tun da na dawo ban yi kwana mai daɗi ba," Kabiru ya ce a hankali. "Mu bakwai munka tahi. Akwai abin da na gani a hanya, ban taɓa gaya ma kowa ba. In na yi shiru shina dawowa, shi ya sa ba ni shiru."

Duk maganganun da Kabiru ya jefe shi da su suna nan a bakin Alƙasum, da ya so da ya mayar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Ya duba cikin gida ya hango bokitan nan biyu.

"Ba dole sai da rago ba," ya ce. "Amma akwai doka. Shigo. Ni ma yau ban yi wanka ba, kuma ga bokiti guda da ba shi da mai shi."

Kabiru ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sa hula ya rufe fuska.

Ranar su biyu suka hau tudu. Kabiru ya yi magana har rana ta faɗi, Alƙasum yana cewa, "Hwaɗi, ina jin ka."

Washegari Alƙasum ya ɗebo bokiti ɗaya. Babu rago mai kuka, babu Mushe, babu mai kallo. Ya tsaya da shi a tsakar gida ya ce a ransa, wannan nawa ne. Ya shiga ya yi wankansa. Haka ya yi kashegari, haka ya yi ranar da ta biyo.

Inna Habi ba ta aiko ta ce ga ranar zuwanta ba. Motar farko ta shigo daga Affala wata safiya, da buhu wofi naɗe a hammata, wanda za ta zuba kayan jikarta. Ta yi sallama ta shigo.

Ta tarar da tsakar gida a share. Uba da ɗiya suna kan tabarma, kwano ɗaya a tsakaninsu, yarinyar da sabon kitso tana ba shi labarin wata 'yar ajinsu, shi kuma yana dariya da ƙosai a hannu. Yana ganinta ya zabura, ya koma gindin katanga ya durƙusa.

Tsohuwar ta amsa gaisuwa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ta rungume jikarta, ta shafa kitson, ta taɓa kumatunta. Sannan ta dogara sandarta ta nufi rumfa, don tana da magana.

Turke kawai ta tarar.

Ta tsaya a gabansa. Ɗan aiken ya tafi, babu wanda za ta ba saƙo. Alƙasum yana durƙushe, idonsa yana kan buhun nan da ke hammatarta.

Sai Inna Habi ta juyo. Ta tako har inda yake, ta tsaya a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura auren ɗiyarta.

"Baban Nasiratu."

Ya ɗago kai bai sani ba. Karon farko ke nan da ya ga fuskarta sosai. Idon Rahamatu ne, tsufa kawai ya kewaye shi.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Ka yi kwana?"

"Na yi, Inna. Ba kullum ba, amma ina yi."

Ta gyaɗa kai. Ta share ido da gefen mayafi.

"To riƙe ɗiyarka, ɗana. Allah shi yi maka albarka."

Ta kwana biyu a gidan. Da za ta koma, buhun da ta zo da shi wofi Alƙasum ya cika mata shi da soyayyen nama da sabulu da sukari, ya ɗauke ta a motonsa har tasha. Bai yi gudu da ita ba.

Yau in ka bi hanyar tudu da la'asar za ka ga ayarin maza suna tafe, 'yan kabu-kabu da tela da malamin lakwal, wani yana magana saura suna saurare. Kabiru ne ke tsokanar wanda ya makara. Babu rago ko ɗaya a cikinsu.

Darasi: Kula da kanka ba son kai ba ne, ba ragwanci ba ne, kuma ba ya rage wa namiji komai. Yadda kake wanke motonka, kake ciyar da dabbarka, kake tashi tsaye don iyalinka, kai ma amana ne a hannunka. Ka yi wanka, ka ci abinci kan lokaci, ka huta, ka taka ƙasa da ƙafarka, ka sami wanda za ka gaya wa abin da ke ranka, in abin ya yi nauyi ka je likita da rana tsaka ba tare da kunya ba. Ba rana ɗaya ake yi ba, kullum ake yi, har ranar da babu mai kallo. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san yana kula da kowa ya bar kansa.

Yaya, Alƙasum ne ya same ni zaune a ƙofar shagonka da ke rufe, ya ce in tashi in raka shi tudu. A hanya ya ba ni labarin nan. Yau da safe na yi wanka, na sa shuɗiyar rigarka, ta yi mini yawa a kafaɗa. Na shanye furar da Innarmu ta dama, har ta bi ni da kallo. Gobe in Allah ya kai mu zan je wajen majo.

Ban gaya wa kowa a gida ba tukuna. Kai na fara gaya wa.